Saki a Kotun Gwaji

Ni na share ɗakin taron makarantarmu da hannuna a shekarar da ɗaliban lauya suka zo Gwarzo. Ba aikina ba ne, ni malamar Hausa ce a sakandaren 'yan mata, kuma ko a gidana ba a san ni da son tsintsiya ba. Amma tun ranar da shugabar makaranta ta sanar da mu cewa tsangayar shari'a ta wata jami'a a Kano ta nemi aron ɗakin, za ta kawo ɗalibanta su yi wa jama'a kotun gwaji, na ɗauki abin kamar bikin gidanmu. Ƙanwata, autar ɗakinmu, tana cikin ɗaliban, a ajin ƙarshe. Mijinta ma ajinsu ɗaya, a can suka ga juna, aka yi auren suna tsakiyar karatu, har ga 'yarsu ta fara tafiya. Na cika wa abokan aikina kunne da zancenta, har wata ta ce da ni, "Ke dai Allah ya kawo ranar nan mu huta da ƙanwata-ƙanwata."

Kotun gwaji, yadda ƙanwata ta yi min bayani, zama ne irin na kotu amma na koyo. Ɗalibi ɗaya ya zama alƙali, wasu lauyoyi, wasu masu ƙara da shaidu, a kan shari'ar da malamansu suka ƙirƙira. Duk shekara suna yi a cikin jami'a, su ya su. A wannan karon ne tsangayar ta ce bari a fita da shi garuruwa jama'a su gani su ƙaru, aka kuma zaɓi batun haƙƙin matar da aka saka: ci da shanta a lokacin idda, da riƙon 'ya'ya, da kayan ɗakinta. Ƙanwata ce lauyar matar. Ta sha kirana a waya tana gwada min hujjojinta, ni kuma ina tuƙa tuwo ina ce mata, "Ƙwarai kuwa, ranki ya daɗe."

An gayyaci masu unguwanni da limamai, da matan Islamiyya har daga Lakwaya da Kara. An kuma gayyaci Baba daga Kabo. Mahaifinmu malamin zaure ne, tun kafin a haife ni yake karantar da fiƙihu, kuma duk taron da aka ce da lasifika a cikinsa ba ya zuwa. Wannan ma sai da auta ta zo har gida ta durƙusa ta roƙe shi. Shi ne dai ya tsaya mata lokacin da dangi suka yi caa wai 'yar malam za ta karanta aikin lauya, don haka ya ce to, zai zo ya ga abin da aka yi ta yi masa surutu a kai.

Suka iso da hantsi a doguwar motar jami'a, duk cikin baƙi da fari, 'yan matan makarantarmu suka cika tagogi suna leƙe. Mai kula da shirin wata Barista ce, malama a tsangayar, gajeriya mai saurin magana, in ta taho sai ka ga ɗalibai suna darewa. Tsarinta shi ne a fara da ɗan gajeren wasan kwaikwayo, miji da mata su yi faɗa, ya sake ta ya kore ta, sannan kotu ta zauna a kan abin da kowa ya gani da idonsa. Mijin ƙanwata ne zai fito a mijin. Matar kuwa wata budurwa ce 'yar ajinsu, da ita ya yi ta gwaji a Kano.

Ina cikin ajin da muka ba su don su shirya, na kai musu ruwan leda, sai ga Barista ta shigo da sauri. Ashe ta leƙa ɗakin taron ta ga layin gaba duk rawuna ne da carbi, hankalinta ya tashi. Ta ce ina, ba za ta tsayar da budurwa a gaban malaman nan tana kiran mijin wata maigida tana cin kwalarsa ba, gobe a ce tsangaya ta zo ƙauye ta koya wa yara rashin kunya. Ƙauye ta ce, ina tsaye, amma na haɗiye. Sai idonta ya faɗa kan ƙanwata, wadda har ta saka baƙar rigar lauyoyi.

"Ga matarsa ta sunna a tsaye, me zai sa mu jawo wa kanmu magana? Cire rigar nan, ke za ki fito. In an gama wasan ki mayar da abarki."

Ƙanwata ta ce, "Ma, ai ban haddace ba."

"Faɗan miji da mata ne sai an haddace? Yi masa irin wanda kike yi a gida."

Aka kwashe da dariya, har da ni. Kowa ya yaba wa Barista, ni kaina na ce a raina matar nan ta san mutanenmu, ta san abin da ido zai ɗauka da wanda ba zai ɗauka ba. Na cire mayafina na miƙa wa ƙanwata, don ba za ta fito a matar gida da kayan ɗalibai ba. Na ga ta ja mijin gefe ta yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya gyaɗa kai bai dube ta ba. Na lura tun saukowarsu daga mota ba su yi wa juna magana ba, amma na ɗauka kunyar Baba suke ji.

Wasan ya yi armashi, ba zan ɓoye ba. An shimfiɗa tabarma a kan dandamali an ajiye kwanuka, ga maigida ya dawo daga kasuwa, ga matar ta fita unguwa ba ta tambaye shi ba. Ya yi faɗa, ta mayar masa. Matan Islamiyya suna ta dariya suna tafa hannu, wata tsohuwa a bayana tana cewa, "Gaya masa, 'yar nan!" Ƙanwata dama akwai baki, duk wajen Inna muka gaje shi, kuma tunda ba ta haddace komai ba sai ta shiga zubo nata. Can sai ta riƙe ƙugu ta ce, "Kai dai faɗi gaskiya, ba fitata ce ke damunka ba. Tsoro kake kada a ce matarka ta fi ka."

Ɗakin ya ɗauki sowa. 'Yan ajinsu da ke tsaye a gefe suka tuntsire suna zungurar juna, kuma dariyarsu ta fi ta kowa daɗewa. Ni fuskarsa nake kallo. Na san shi tun yana zuwa zance ƙofar gidanmu, mai ladabi ne, ko ido ba ya haɗawa da ni, amma ban taɓa ganin idonsa ya juye haka ba. Ya matso, ya nuna ta da yatsa, ya ce da ƙarfi har na bakin ƙofa suka ji:

"Je ki, na sake ki."

Aka tafa. Ni ma na tafa. Ɗalibin da zai zama alƙali har ya fara gyara hularsa zai hau. Sai na ga ƙanwata ba ta motsa ba. Kamata ya yi ta ɗora hannu a ka ta fita da kuka, amma ta tsaya tana kallonsa, mayafina ya zame daga kafaɗarta ba ta ko gyara ba.

Baba ya dafa sandarsa ya miƙe. Tafin ya fara mutuwa daga layin gaba har ya kai baya.

"Ɗana, me ka ce da ita?"

Mijin ƙanwata ya juyo kamar wanda aka tasa daga barci. "Baba, ai wasan ne."

"Na san wasa ne. Yarinyar nan da ke gabanka, wa ya ba ka aurenta?"

"Kai ne, Baba."

"To ita ka nuna, da ita kuma ka yi magana. Aure da saki ba a yi musu wasa."

Ba na jin akwai wanda bai san wannan hukuncin ba a ɗakin nan, ko 'yan ƙaramin aji na Islamiyya sun san shi. Mantawa kawai muka yi, mu duka, muna can muna tsoron kada budurwa ta taɓa kwalar namiji. Amma abin da na fara ji haushin Baba ne. Na ce a raina, haba Baba, rana ɗaya tak 'yarka ta samu a gaban jama'a, sai ka jiƙa mata aiki? Ba za ka iya bari a tashi ka kira su gefe ba?

A teburin manyan baƙi, kusa da shugaban tsangaya, akwai wani Dakta, shi ne yake koyar da su dokokin aure na Musulunci. Dattijo ne mai sanyin murya, kuma sai a lokacin ya san waɗanda ke kan dandamalin miji da mata ne. Ya cire tabarau ya goge fuska, sannan ya miƙe ya gaida Baba da ladabi.

"Allah gafarta Malam, maganarka haka take. Sai dai akwai malaman da suke ganin mai kwaikwayo tamkar mai ba da labari ne. Wanda ya ce wane ya saki matarsa, ai bai saki tasa ba."

Baba ya ce, "Mai ba da labari ba ya duban matarsa ya nuna ta da yatsa, Dakta."

"To mu ɗauka ya auku, Allah gafarta. Ai ɗaya ne. Ga shi ga ta, ya ce ya mayar da ita, a gaban shaidun da ba su da iyaka."

Nan aka ji ajiyar zuciya ta ko'ina. Wani liman ya yi dariya ya ce, "Yaro, ka ce na mayar, a ci gaba da shari'a, yunwa muke ji." Mata suka ɗauka, "Mayar da ita! Mayar da abarka!" Har Baba ya gyaɗa kai ya fara neman kujerarsa. Na ce alhamdulillahi, yau dai mun samu labarin da za mu yi ta tsokanarsu da shi har tsufa.

Shi kuwa bai buɗe baki ba. Ya sunkuyar da kai. Ƙanwata ta sulale ta zauna a kan tabarmar wasan, a tsakiyar kwanuka. Ban san lokacin da na hau dandamalin ba, na dafa ta na ce, "Ke tashi mana, me ye haka? Yanzu zai mayar." Ta ɗago ta dube ni, idonta a bushe, ta ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji:

"Yaya, babu abin da zai mayar. Ta ƙarshe ce."

Sai da ta maimaita sannan na gane igiya take nufi. Ni da nake ganin babu abin da ban sani ba a gidan yarinyar nan, har ranar da gishirinta ya ƙare ina sani, ashe an tsinke igiya biyu ban ji ko ƙishin-ƙishin ba. In kuwa wannan ta zama ta uku, babu kome, sai ta auri wani ya rabu da ita don kansa. Na ja ta muka shige ofishin shugabar makaranta, Baba da Dakta da shugaban tsangaya da mijin nata suka biyo mu, Barista a baya tana ta salati. Ƙanwata ta kasa faɗa wa Baba. Mijin ne ya durƙusa ya ce, "Baba, akwai biyu a baya." Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya ya ce da ni in samo masa motar Kabo, kuma 'yarsa da jikarsa su biyo shi har a ga abin da hali zai yi. Kotun ba ta zauna ba. Aka raba shinkafar da aka dafa wa baƙi, jama'a suka watse rukuni-rukuni suna magana.

Kafin mu isa Kabo hoton bidiyon ya riga mu. Wani ya ɗauka a waya, ya shiga hannun kowa, masu kuɗin data da masu leƙa wayar wani duk sun gani. Maƙwabta suka yi ta shigowa yi wa Inna jaje, rabinsu kuwa ido suka kawo. Na ɗauki hutu a makaranta na zauna a gida, don ba zan iya shiga ɗakin malamai ba bayan duk cika bakin da na yi.

A ɗakin Inna ƙanwata ta ba ni labarin sauran. Sakin farko suna sabon aure, a kan abin da ita ma ta manta, kuma kafin ta gama kuka ya mayar da ita. Na biyu bara ne, ranar da aka kafe sakamakon jarrabawa, sunanta a sama nasa can ƙasa, abokai suka tsokane shi, ya dawo gida ya nemi dalilin faɗa. Shi ma ya mayar, ya yi kuka, ya yi alƙawari. Ta ce ta ɓoye ne don kada Baba ya tsane shi, don in ka cire zuciyar nan tasa ba ta da abin da za ta ce ya rage ta da shi, har goyon yarinya yake yi in tana karatu. A safiyar taron kuma sun yi cacar baki tun a gida. In sun gama digiri akwai shekarar makarantar horas da lauyoyi, shi yana so ya fara tafiya ita ta jira saboda 'yarsu, ita kuma ta ce Inna za ta riƙe yarinya, tare za su tafi. Da Barista ta ce ta fito, ta tuna da igiyar, amma ta yaya za ta buɗe baki a gaban 'yan ajinsu ta ce saura ɗaya? Shi ne ta ja shi gefe ta ce kada ya furta, ya ɗaga hannu kawai ya nuna mata ƙofa, jama'a za su gane.

Na hau ta da faɗa. Na ce ke ma da bakinki, kin san halinsa, kin san abin da ya rage, shi ne za ki tsaya gaban mutane ki sosa masa inda yake masa ciwo? Ta ci gaba da taje wa 'yarta kai. Daga baya na ji kunyar kaina na kawo mata fura, ba ta sha ba.

Gidan ya koma babu daɗi. Inna ta daina kai wa Baba abinci da kanta. Na ji ta a tsakar gida tana ce masa, "Malam, da ka yi shiru wa zai sani?" Ya ce, "So kike in zuba ido 'yata ta koma ɗakin namiji ban san ko da aure ko babu ba?" Wata gwaggonmu ta zo daga Gammo da shawararta a baki, wai a samo wani a ɗaura a yi kisan wuta, mako guda ya saka, a wuce wurin. Ban taɓa jin Baba ya ɗaga murya irin ta ranar ba, gwaggo ko sallama ba ta tsaya yi ba. Amma ni na san ba taurin kai yake yi ba. Ya sallami ɗalibansa, ya wuni a zaure littattafai a buɗe ta ko'ina a gabansa, ya rufe wannan ya buɗe wancan. Mafita yake nema wa 'yarsa, kuma na ga yadda ya rame.

Su ma can tsangayar ba su zauna ba. An dakatar da fita garuruwa da kotun gwaji, Barista tana kirana kullum tana kuka tana neman gafara, har na gaji na ce mata ta bari haka, ba ita ta furta ba. Dakta kuwa ya zaga wajen malaman da yake ganin girmansu a Kano ya tattaro abin da suka ce. Daga nan suka aiko cewa za su zo Kabo su ga Baba.

Suka zo ranar wata Asabar, shugaban tsangaya da Dakta da Barista a mota ɗaya, mijin ƙanwata a tasa 'yar tsohuwar motar. Ya faɗa sosai, rigar kamar a jikin ƙusa aka rataye ta. Na tare shi a ƙofar gida kafin ya shiga, na ce, "Ka ji ni da kyau. Duk abin da za a tambaye ka, wasa kake yi. Ka tuna da 'yarka." Ya ce, "To, Yaya."

Aka zauna a zaure. Baba ya sa aka kira ƙanwata, ta zauna daga can gefe da yarinya a cinya, jakarta a kusa da ita don Inna ta ce ta shirya, in Allah ya yarda yau za ta koma ɗakinta. Ni da Inna da Barista muka zauna a bakin ƙofar ciki. Aka yi gaisuwa mai tsawo, an zo lafiya, ya hanya, ya iyali, ya damina, ya kuma muka ji da wannan abu. Shugaban tsangaya ya ba da haƙuri a madadin jami'a. Sannan Dakta ya gyara zama ya fara bayani a tsanake, yana kawo maganar waɗanda suka tsananta da ta waɗanda suka sassauta, bai ɓoye ko ɗaya ba. Ya ce yaron nan ya sha faɗin kalmomin nan a gwaji ga wata yarinya daban, bakinsa ya saba, a matsayin wani mutum yake magana da wata mata da babu ita a duniya. Baba yana saurare, yana tambaya, wani lokaci ya jawo littafi su duba tare, kawunansu a haɗe. Ban fahimci rabin Larabcin ba, amma na fahimci fuskar Baba, tana ta sakewa a hankali.

A ƙarshe Baba ya rufe littafin ya ce, "Dakta, Allah ya saka da alheri. Na karɓa. In da bakin wani ya yi magana, kuma da wata yake, to labari ya bayar, matarsa tana nan matarsa."

Inna ta damƙe hannuna har sai da na ji zafi. Barista ta fara share hawaye tana hamdala.

Baba ya juya wajen mijin ƙanwata. "Ɗana, ba zan sa ka rantse ba, na san tarbiyyar gidanku. Abu ɗaya zan tambaye ka, daga ni sai kai sai Allah. Lokacin da ka ɗaga yatsa ka faɗi maganar nan, da wa kake?"

Ina kallon ƙeyarsa ina cewa a raina faɗi mana, faɗi mana. Dakta ya ce a hankali, "Ka natsu, ka yi tunani da kyau kafin ka amsa." 

"Baba," ya ce, "da na hau, wasa nake yi. Ta ce kada in furta, na kuma yi niyyar ba zan furta ba. Amma da ta faɗi maganar nan, 'yan ajinmu suka yi dariya, sai na manta da akwai wani wasa. Ita na gani. Da ita nake."

Wallahi a lokacin da zan samu dama da na shaƙe shi, ba don sakin ba, don gaskiyar da ya faɗa. Inna ta saki hannuna ta fara salati. Dakta ya sunkuyar da kai, shugaban tsangaya yana ta kallon tabarma. Na dubi ƙanwata ina jiran ta fasa ihu, amma ko mamaki ban gani a fuskarta ba. Hawaye ne kawai ke sauka a kan gashin yarinyar.

Baba ya yi innalillahi, ya maimaita. Na ga ruwa yana bin gemunsa, abin da ban gani ba ko ranar da aka binne yayanmu. Ya miƙa hannu ya dafa kafaɗar mutumin da ya gama raba 'yarsa da aurenta, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka ji tsoron Allah a inda ya fi wuya. Aure dai ya ƙare."

Babu wanda ya taɓa abincin da Inna ta sa aka kawo. Baƙin suka yi addu'a, suka yi sallama, suka fita ɗaya bayan ɗaya. Shi ne na ƙarshe. Ya durƙusa ya yi wa Baba sallama, ya yi wa Inna, ya miƙe ya laluba aljihu ya ciro makullin mota. Da ya kai bakin zaure sai ya waiwayo, bai ma san ya yi ba, ya ce da ƙanwata, "Ɗauko ta ki fito, kada yamma ta yi mana a hanya."

Ta ce, "To," har ta miƙe ta saɓa yarinyar ta ɗauki jaka.

Sai suka tsaya, shi a bakin ƙofa, ita a tsakiyar zaure, suna kallon juna. Yarinyar tana ta miƙa masa hannu. Ƙanwata ta ajiye jakar a hankali, ta koma ta zauna.